Abin da Jihohin Amurka Suka Saba Yi Idan Kasafi Ya Yi Giɓi

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi wa karatu albarka. Ka ce jihar da kake ta shiga giɓin kasafi har an ƙara muku kuɗin makaranta, kana tambaya ko haka al'adarsu take, kuma me ya hana gwamnatin tarayya kawo ɗauki.

Haka take, kuma da dalili. Kusan kowace jiha a can, in ka cire Vermont, doka ta ɗaure ta kada abin da za ta kashe ya wuce abin da za ta samu. Washinton, wato gwamnatin tarayya, tana cin bashi ta toshe giɓi shekara da shekaru, jiha ba ta da wannan gata. Ba ta ma da damar zuwa kotu ta ce ta tsiyace, yadda birnin Detroit ya yi a 2013. Saura haraji, ko rage kashe kuɗi, ko jiran tarayya.

Haraji ba ya ƙaruwa da sauƙi. A Kalifoniya tun 1978 sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun amince, a Kolorado kuwa tun 1992 sai an tambayi masu zaɓe. Akan yi dai idan wuya ta yi wuya: Illinois ta ɗaga harajin kuɗin shiga daga kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a 2011.

Shi ya sa aka saba farawa da yanka, kuma a nan maganarka take. Wuƙar ba ta kama ko'ina. Bashin da aka ci dole a biya. Kuɗin fansho alkawari ne. Makarantun yara suna cikin tsarin mulkin jihohi, iyaye kan kai ƙara. Shirin lafiyar marasa ƙarfi, Medicaid, haɗin gwiwa ne da tarayya, duk dalar da jiha ta janye sai ta rasa aƙalla wata dalar daga Washinton. To wa ya rage? Jami'a, domin tana da wanda za ta juya ta caja, wato kai. Ni a ganina wannan ma haraji ne, sai dai an ɗora shi kan waɗanda ba su da bakin magana a majalisa, kuma ba wanda ya kira shi da sunansa. Ma'aikata ma ba sa tsira. A 2009 Kalifoniya ta tilasta musu hutun wasu ranakun Juma'a ba albashi, ta riƙa ba 'yan kwangila takardar alkawari maimakon kuɗi.

Tarayya takan zo, amma sai masifa ta game kowa. Obama ya sa hannu kan tallafin kusan dala biliyan 787 a 2009, jihohi suka samu rabonsu, Biden ya ware biliyan 350 ga jihohi da ƙananan hukumomi a 2021. Jiha guda da ta ɓata lissafinta ba mai waiwayarta. Kuma kuɗin sau ɗaya yake zuwa, wanda ya ɗauki ma'aikata da shi zai tarar da giɓin yana jiransa.

Ka bincika ko jiharku tana da asusun ko-ta-kwana da abin da ke ciki, mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka. Yawancin jihohi ranar 1 ga Yuli suke shiga sabon kasafi, don haka tun watannin farkon shekara ka riƙa bin zaman majalisarku, ka sanar da mahaifinka abin da zai tanada.