Gaisuwar da muke kai wa Lamiɗo

Malam, ka tambaye ni yadda Bahaushe zai tuɓe takalmi ya zube gaban Lamiɗo, sarkin Fulani, a Garwa ta arewacin Kamaru, kuma ya ce har yanzu shi Bahaushe ne. Tambayar ta sosa mini rai. Ku ma a Kano tun 1819 gidan Dabo, na Fulani, kuke kai wa gaisuwa, ba wanda ya ce kun fita daga Hausawa.

Kakanninmu fatake ne. Da goro da tufafi suka shigo ƙasar Adamawa bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta, ba a igiya aka kawo su ba. Kakana yakan ce magana aka ƙulla: Lamiɗo ya ba su filin unguwa, ya tsare musu hanya da kasuwa, su kuma su fitar da zakka, su kai gaisuwar salla, su amsa kiran fada. Rigimar aure da gado da bashi kuwa Sarkin Hausawa da liman ke kashe ta a cikin gida. In sarki ya matsa, falke ya ɗaure kaya ya nufi Marwa ko Ngaundere, sarki ne da asara.

Ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare, ana karantar da su Ruso, masanin falsafa, wanda ya rubuta da Faransanci a 1762 cewa ƙarfi kaɗai ba ya halatta mulki, sai da yardar waɗanda ake mulka. Na ce masa kakana bai san Faransanci ba, amma a kan wannan sharaɗin ya sauke kayansa.

Batun auratayya da Fulani da kuke yawan tsokanarmu da shi, mahaifiyata Bafillatana ce. Yaranmu suna Fillanci a waje, a gida Hausa, ban ga abin kunya ba.

Abin da ke damuna daban ne. Dokar 1977 ta raba sarakunan Kamaru daraja uku, ta mai da su mataimakan gwamnati. Tun 2013 kuma albashi ake ba su, jaka 200, wato sefa dubu 200, a wata ga mai daraja ta ɗaya, jaka 50 ga na ƙasa. In sarki ya rasu, hukuma ce ke zama da dattawa, kuma sai ta sa hannu naɗi ya tabbata. Wanda gwamnatin Yawunde ke biya, ina zai fi karkata kunne? Mu kuwa mun gina gidaje, katin ɗan ƙasa na aljihu, ɗaure kaya irin na kakanni ya wuce mu. Talakan Lamiɗo, Bafillace ne ko Bahaushe, wannan kukan ɗaya muke yi.