Duwan na nan zaure

Ɗana, na ji saƙonka, ƙanwarka ta kunna mani har sau biyu. Wai ka tahi gaida baban yarinyar can Yamai, ya tambaye ka aiki ka ce mashi "wallahi Baba rezo ya ɗauke", shi ko ya ɗaure fuska, kana son sanin ko al'ada ta hana a yi ma suruki maganar fada, wato irin wadda samari ke yi a majalisarsu ta shan shayi. Na yi dariya sai da hurar hannuna ta zube, daga baya kuma na yi shiru, don sai da ƙanwar taka ta hwaɗa mani rezo ya ɗauke wai babu kuɗɗi kenan. Kai, gaban wanda za ya ba ka ɗiya?

Kada ka ɗauka ku kuka fara. Mu ma a samariya zamanin Kunce muna da namu. Shekarar 1984 ruwa bai yi ba, hatsi ya ƙone, ga Buhari ya rufe iyaka tun watan Afirilu, har yunwar kanta aka sa mata El-Buhari. To ko cikin wanga hali bakinmu bai mutu ba. In tukunya ta yi wayam mu ce an rufe iyaka. Tuwon jar dawar taimako mun sa mashi jandarma, don in ya shiga ciki sai ya tsare ka kwana biyu. Mai jikka guda a aljihu sunanshi ɗan Abijan ko Ƙonni bai taɓa zuwa ba. Uban budurwa kuwa duwan, wato ma'aikacin kwastan na bakin iyaka, ƙanenta da ake ba dala biyar ya kira ta shi ne ɗan hurodi, wato ɗan fasa-ƙwauri.

Wata rana bayan isha ni da abokina, Allah ya jiƙan shi, muka tahi hira nan Tahoua. Na ari riga, na shafa turare har ya yi yawa. Zaure duhu, ga mutum kwance kan tabarma ya lulluɓe da bargo, muka ce almajiri ne. Na ce ma abokina da ƙarfi "yau duwan ya yi barci, nemo ɗan hurodi mu hidda kaya". Sai bargo ya motsa. Aka ce "duwan na nan, ina takardunku?" Abokina ya haura katanga ya bar takalmi ɗaya. Ni ƙafa ta ƙi. Ashe tsohon ya yi shekaru yana jigilar kananzir da atamfa tsakanin Illela da Ƙonni, duwan na gaskiya ya sha su ya ƙoshi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kunna fitila ya aika aka kira maƙwabta uku, aka ɗora shayi, ya ce in fassara masu kalmominmu ɗaya bayan ɗaya. Da na kai ga jandarma wani liman ya yi ta tari saboda dariya. Da aka zo kan "kaya" babu wanda ya yi dariya. Ya ce ɗiyata ce kaya? Har yau in na tuna sai zufa ta karyo mani.

Da safe kakarka ta riga ta ji a bakin rijiya. Ta ce magana zarar bunu ce, ta ƙara da baki shi ka yanka wuya, ta sa ni kai goro ɗari har gida in durƙusa.

Abin da ke damuna da ku, mu namu a zaure yake tsayawa, in babba ya shigo mu haɗiye. Ku kun zuba naku a WhatsApp kowa na gani, rabi Faransanci rabi Zabarmanci, har ba ku san inda fada ta ƙare gida ya fara ba. Ran nan wani yaro ya ce mani "tsoho ya sharji?" ina zaune ƙofar masallaci.

Maganar hani kuwa, ban taɓa jin an yi shela a kai ba. Ka dai sayi goro mai kyau, ka tahi da ƙanen babanka. Takalmin abokina shekara biyu yana rataye a zauren nan, sai ranar ɗaurin aurena da innarku tsohon ya miƙa mashi gaban jama'a, ya ce ga kayanka duwan ya sako.