Ku Tambayi Fasto: Daren 31 Ga Disamba Da Lissafin Shekara

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne kan ƙarshen shekara da shirin shiga sabuwa. Mun zaɓi uku daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba Fasto, ni mai gadi ne a wani shagon kayan gini a Garwa da ke arewacin Kamaru, aikin dare nake yi, kuma ba ni da wanda zai canje ni. A wani taron addu'a na ji mai wa'azi ya ce duk wanda ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba bai same shi a coci ba, zai shiga sabuwar shekara da wahalar tsohuwa a kansa. Ya kuma raba ambulan, ya ce kowa ya sa sefa 10,000 domin a buɗe masa ƙofar shekara. Shin in bar wurin aikina in tafi?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka bar wurin aikinka. An ba ka amanar dukiyar wani, kuma ba a cin amana domin a faranta wa Allah rai.

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ambaci ranar 1 ga Janairu, balle ya ɗaura albarka a kanta. A Fitowa 12:2 watan da Ubangiji ya sa ya zama farkon shekara ga Isra'ilawa shi ne watan Idin Ƙetarewa, wanda yake faɗowa tsakanin Maris da Afrilu. Fara shekara da Janairu gadon Romawa ne, kalandar da muke amfani da ita kuwa Paparoma Gregori na 13 ne ya gyara ta a 1582. Su kansu 'yan Katolika da 'yan Luta, waɗanda suke da yawa a Garwa da Ngaundare, shekarar ikkilisiyarsu tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Ka kuma lura cewa lokacin da agogon Garwa da na Njamena suka buga 12, mutanen Nairobi sun riga sun yi awa biyu a cikin sabuwar shekara, na Accra kuwa suna da sauran awa ɗaya. Allah ba ya raba alherinsa bisa agogon wata ƙasa.

Wannan ba ya nufin cewa kwana a coci a daren nan abin banza ne. Al'ada ce mai kyau, kuma tana da tarihi. Ta yi ƙarfi a ƙarni na 18 a tsakanin Morabiyawa, wata ɗariƙar Kirista a Jamus, sannan John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya ƙarfafa ta a Ingila, inda masu haƙar gawayi da suka saba kwana a gidan giya suka koma kwana suna addu'a da waƙa. A 1755 ya fara sujadar sabunta alkawari, wadda mabiyansa suka mayar da ita ta farkon shekara. 'Yan Katolika kuma suna rera waƙar godiya ta Te Deum a yammacin 31 ga Disamba. Abin da ya tara waɗannan mutane shi ne godiya da tuba, babu wanda ya je domin tsoron kada tsakar dare ta riske shi a waje. Duk wanda yake da hali, ina ƙarfafa shi ya je da iyalinsa. Amma Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa (2:16) kada su bar kowa ya hukunta su a kan idi ko tsayawar wata, kuma wannan gargaɗi ya shafe ka.

Maganar ambulan ita ce ta fi damuna. Baiko ibada ne, ana bayar da shi da yardar rai, ba da tilas ba, kamar yadda 2 Korantiyawa 9:7 ta koyar. Da zarar an yanka masa farashi aka ce shi ne mabuɗin shekara, ya tashi daga baiko ya koma ciniki, kuma mun san amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri sa'ad da ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Haka nan annabce-annabcen da ake zubawa a wannan dare, da ma mutane za su riƙa rubuta su su ajiye, su fito da takardar a Disamba mai zuwa su duba, da masu yin su sun ragu. A Irmiya 28, Hananiya ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, amma maganar ba ta tabbata ba, kuma shi kansa bai ga ƙarshen wannan shekara ba. Ma'aunin yana nan a Maimaitawar Shari'a 18:22.

Ka zauna a bakin shagonka da bargonka saboda sanyin hunturu, ka karanta Zabura 121, wadda take magana a kan Mai tsaro da ba ya gyangyaɗi, ka yi addu'arka, da safe ka tafi sujada.

TAMBAYA: Baba Fasto, ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Yagwa. A bana ruwa ya cinye mana gonar shinkafa da ta dawa, ɗakunanmu biyu suka rushe, bayan haka kuma maigidana ya yi 'yar gajeruwar rashin lafiya ya rasu, ya bar ni da yara biyar. A cocinmu ana ba da shaidar godiya a ƙarshen shekara, kowa ya tashi ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Ni ban san abin da zan faɗa ba, har ina jin kamar in zauna a gida. Shin zunubi ne idan godiya ta ƙi fitowa daga bakina?

AMSA: Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya abin da aka bari. Ba zunubi kika yi ba, makoki kike yi, kuma Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru ko da yake ya san zai tashe shi.

Duk wanda ya zauna a bakin kogin Logone ya san abin da kike faɗa. Ambaliyar 2024 kaɗai ta raba dubban iyalai da muhallinsu a gundumomin Mayo-Danay da Logone-et-Chari na arewacin Kamaru, a Cadi kuma ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. A yankin Mora da Kolofata da Mokolo kuwa akwai 'yan'uwa da suka shekara ba su kwana a gidajensu ba saboda hare-haren Boko Haram, ga waɗanda suke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013. Idan shaidar ƙarshen shekara ta zama ta wanda ya sayi babur, da wanda ya yi aure, da wanda ɗansa ya ci jarrabawa kawai, to mun rufe bakin rabin ikkilisiya, kuma wannan gyara ne da ya rataya a wuyanmu shugabanni.

Littafi Mai Tsarki ya ba mai baƙin ciki wuri mai faɗi. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, babu inda ta juya ta koma murna, amma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin sujada, wato Allah ya yarda a kawo masa irin wannan addu'a. Ayuba, wanda muke yawan ambaton haƙurinsa a sura ta 1, shi ne kuma ya la'anci ranar haihuwarsa a sura ta 3. Ayar nan da ake so a rera a sabuwar shekara, mai cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya (Makoki 3:22-23), ta fito ne daga tsakiyar littafin da aka rubuta a kan kangon Urushalima, bayan Babiloniyawa sun rushe birnin a wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin da ya faɗe ta yana kallon toka ne. Annabi Habakuk kuma ya yi magana kamar manomin ƙasarmu, ya lissafa ɓauren da bai yi toho ba, da gonar da ba ta ba da abinci ba, da turken da babu saniya, sai bayan ya gama lissafin hasarar ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji (3:17-18). Bai ɓoye ko ɗaya ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ki zauna a gida ke kaɗai a wannan dare, domin kaɗaici yana ƙara wa makoki nauyi. Ki je, ki zauna a cikin 'yan zumuntar mata. Ba dole ba ne ki tashi. Idan kuma kin ji ƙarfin tashi, ki faɗi gaskiya: ruwa ya ɗauki gonata, mutuwa ta ɗauki mijina, ga ni ga yarana biyar, ku yi mana addu'a. Wannan cikakkiyar shaida ce. Idan daga baya, ko da bayan watanni ne, kika tuna wanda ya kawo kwale-kwale, ko maƙwabciyar da ta ba ku ɗaki, Kirista ce ko Musulma, godiya za ta zo da kanta, ba sai an matsa mata ba.

Ina da magana kuma ga dattawan cocinku, idan wannan shafi ya kai gare su. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka, Yakubu 1:27 kuwa ya sa kula da marayu da gwauraye a cikin ainihin addini. Buhunan da aka tara a godiyar kaka, kafin a yi gwanjonsu domin ginin coci, a fara fitar da rabon irin wannan gida. Masu masakwa za su girbe a Janairu zuwa Fabrairu, sai a tuna da ita a lokacin, a kuma tanadar mata iri kafin damina.

TAMBAYA: Baba, ni matashi ne mai sayar da albasa a Marwa. Kowace shekara ina durƙusawa a gaban bagade in yi alkawari zan bar shan bilbil (giyar dawa), zan karance Littafi Mai Tsarki, zan biya basussukana. Kafin Fabrairu ya ƙare na koma gidan jiya. Har na fara jin kunyar Allah. Bana in sake yi ko in bari?

AMSA: Ɗana, kunyar nan alama ce mai kyau, amma bana ka rage alkawari, ka fara da lissafi. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kāsa cikawa. Matsalar alkawuran tsakar dare ita ce ana yin su cikin zafin ganga da waƙa, ba tare da an zauna an duba abin da ya kayar da na bara ba.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda ake rufe littafi. Ka keɓe yamma ɗaya tsakanin Kirsimeti da ƙarshen wata, ka ɗauki takarda, ka bi shekarar wata-wata. Ka fara da alherin da ka samu, domin Zabura 103:2 ta ce kada mu manta da shi. Sannan ka rubuta sunan duk wanda yake bin ka bashi da adadin kuɗinsa, da duk wanda kuka ɓata ba ku shirya ba. A nan ne yawancinmu muke tsallakewa, domin ya fi sauƙi mutum ya yi kuka a coci da ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya cuta. Amma Yesu ya ce idan ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24), kuma tuban Zakka ya fito ne da lissafin abin da zai mayar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin kunyar shi ne ɓuya. Idan kwasar adashinka ta faɗo a Disamba, kafin ɗinkin Kirsimeti ka kai wa manomin da ya ba ka buhunan albasa bisa amana ko da rabin kuɗinsa ne, ka faɗa masa ranar da za ka cika sauran.

Game da karatu, Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da sura 1,189, wato sura uku zuwa huɗu kowace rana ga mai son gamawa a shekara, kuma da yawa sukan maƙale a Littafin Firistoci. Ka fara da Bisharar Markus mai sura 16, sura ɗaya kafin ka fita kasuwa. Muna da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ba ka da uzurin harshe.

Shi kuwa bilbil, ba ranar 1 ga Janairu ce take raba mutum da shi ba. Ka duba ranar da kake sha, da hanyar da kake bi, da abokan da suke jan ka, ka sauya hanyar komawa gida ranar kasuwa, ka kuma faɗa wa dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa domin ya riƙa tambayarka kowace Lahadi. Idan jikinka yana rawa duk ranar da ba ka sha ba, ka ga ma'aikacin lafiya kafin ka yanke gaba ɗaya, domin dainawa farat ɗaya tana da haɗari ga wanda giya ta kama sosai. Idan ka faɗi a Fabrairu, ka tashi a Fabrairu, kada ka jira wata Disamba.

Shirin kasuwancinka na baɗi kuma ka yi shi da kyau, ka ware kuɗin makarantar ƙannenka da ake nema a Janairu tun kafin hidimar biki ta cinye shi. Yakubu 4:13-15 da 'yan kasuwa yake magana, masu cewa za mu je gari kaza mu shekara mu ci riba. Bai hana su shiri ba, ya dai ce su riƙa faɗin in Ubangiji ya yarda. Ka rubuta wannan a saman takardar lissafinka, sannan ka sa ranar da za ka je wurin manomin.