Tambayoyinku: Ɗalibin Jami'a da Motsa Jiki

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon daga ɗaliban jami'a suka fito. Mun miƙa su ga likita mai kula da 'yan wasa da wani malamin sashen koyar da wasanni. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Assalamu alaikum. Ina aji biyu, lakca tun takwas na safe har yamma, da dare kuma karatu. Tumbi ya fara leƙowa, bene hawa biyu ma sai na yi haki. Ba ni da kuɗin gidan motsa jiki. Ta ina zan fara? (Ɗalibi, Samaru, Zariya)

Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, ka fara da ƙafarka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sai kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka. In ka kasa 150 gida biyar, minti 30 ke nan a rana, kuma ba dole sai a tashi ɗaya ba. Goma da safe zuwa aji, goma da rana, goma da yamma, duk sun shiga lissafi, muddin tafiyar ta sauri ce. Yadda za ka gane: kana iya yi wa abokin tafiyarka magana, amma numfashinka bai isa ka rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa ana latsa waya ba ta cikin lissafin.

In gudu kake so, kada ka tashi rana ɗaya ka zagaye fili sau goma. A makonni biyun farko ka yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas, kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Daga nan sai ka riƙa tsawaita sassarfar kana rage tafiyar. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, jijiya da ƙashi kuwa suna da nawa. Shi ya sa mai garaje yake tsintar kansa da ciwon ƙwauri ko na gwiwa a mako na uku, ya jefa takalmi ƙarƙashin gado sai wani zangon.

Ƙarfafa tsoka a ɗaki ma ana yi. Ka tsuguna ka miƙe sau 12, diddige a ƙasa, baya a miƙe. Ka kifa ciki, ka dafa ƙasa da tafin hannu, ka tura jikinka sama sau 8 zuwa 10. In ya gagara, ka dafa bakin gado. Galan mai lita biyar in an cika shi da ruwa kilo biyar ne cif, ka riƙe ɗaya a kowane hannu ka hau bene ka sauko. Kowanne zagaye uku, da hutun minti ɗaya. Tsamin jiki a kwana na biyu da na uku ba abin tsoro ba ne, zai wuce. Amma in tsoka ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsokar ce ta ji rauni har abin yana neman taɓa ƙoda. A ranar za ka je asibiti.

Tumbi kuwa, kwanciya da tashi sau ɗari ba ya narkar da kitsen ciki, domin jiki ba ya zaɓar inda zai ɗebi kitse. Ɗaura leda a ciki zufa kawai yake fitarwa, da ka sha ruwa nauyin ya dawo. Ka duba abin da kake korawa da shi: kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi goma, kuma sai ka yi tafiyar sauri ta kusan minti 45 kafin ka ƙone ta.

Muna buga ƙwallon sashe bayan la'asar. A watan Afrilu jiri ya ɗebe ni, kaina ya yi ta sara, wani abokinmu kuma ya yanke jiki ya faɗi. Ruwa nawa ya kamata mu sha, kuma me ake yi wa wanda ya faɗi? (Ɗalibi, Sakkwato)

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura maki 40, kuma da ƙarfe huɗu ƙasa ba ta huce ba. Ɗan ƙwallo a irin wannan yanayi yana iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. In da hali ku matsar da wasan zuwa biyar da rabi, ko bayan asuba.

Ledar fiya-wata rabin lita ce, da ita za mu yi awo. Ka sha ɗaya awa biyu kafin wasa. Ana cikin wasa, rabin leda duk bayan minti 15 zuwa 20, ku yi yarjejeniya da alƙalin wasa ya riƙa tsayar da ku. In akwai sikeli, ka hau kafin wasa da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu ruwa ne kusan lita ɗaya ya fita, sai ka mayar da lita ɗaya da rabi sannu a hankali. In nauyinka ƙaruwa ya yi, ka sha fiye da kima, shi ma yana da illa. Wasan da ya wuce awa guda yana buƙatar gishiri: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Fitsarin safe shi ne shaidarka. Fari-fari mai ɗan rawaya, lafiya lau. Ja-ja mai wari, jiki yana bin ka bashin ruwa. Wanda ya dawo hutu daga gari mai sanyi kamar Jos ya ba jikinsa kwana 10 zuwa 14 yana ƙara atisaye kaɗan-kaɗan kafin ya buga cikakken wasa.

Wanda ya faɗi, abu na farko a duba numfashinsa. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita biyar, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman mota da ma'aikatan asibitin makaranta. In yana numfashi amma jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi, zafi ne ya buge shi. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi daga kai har ƙafa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Tun a fili za a fara sanyaya shi, a ci gaba a cikin mota. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, zai shaƙe. Kada a cusa masa cokali a baki. 'Yan kallo kuma su ja baya.

Abu biyu da kyaftin ya kamata ya sani game da yaransa. Mai zazzaɓi ba ya shiga fili, ko da wasan ƙarshe ne. Sannan kowa ya san jininsa, ko AA ne ko AS ko SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da irin sikila a jininsa amma ba shi da ciwon, kuma yawancinsu suna wasa lafiya, sai dai gudun ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da su. Mai AS da ya ji ƙafafunsa sun mutu ko numfashi ya ƙi isarsa, ya tsaya nan take, kada a ce masa rago. Mai sikila kuwa, wato SS, sai da shawarar likitansa.

Ina son motsa jiki amma filin makaranta maza ne suka cika shi, ni kuma ba na fita ba hijabi. Sannan an ce mai al'ada ba ta motsa jiki. (Ɗaliba, Kano)

'Yar uwa, maganar al'ada ba ta da tushe a likitance. Tafiya da miƙe gaɓɓai ma suna rage wa mata da yawa ciwon mara. In jinin yana zuba da yawa har kina ganin jiri ko haki, a auna miki jini, wataƙila ya yi ƙasa.

Ki samu hijabi gajere mara nauyi wanda ba ya naɗe ƙafa, da wando mai faɗi, da rigar mama mai kama jiki sosai. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku zagaya harabar ɗakunan kwananku bayan asuba. A ɗaki kuma igiyar tsalle ta wadatar: daƙiƙa 30 tsalle, daƙiƙa 30 hutu, sau goma, da takalmi a ƙafa, kina dira a kan gaban tafin ƙafa. Ki kuma leƙa ofishin wasanni. Gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, tana da ɓangaren mata, kuma sau da yawa masu horarwa nema suke yi.

Na yi targaɗe a idon sawu. Abokai sun murza mini da man zafi, washegari ƙafar ta ƙara kumbura. (Ɗalibi, Maraɗi)

Murzar ce ta ƙara ta. Targaɗe yagewar jijiyar da ke riƙe gaɓa ce, jini yana tsiyaya a ciki, zafi da murza kuwa ƙara buɗe hanyoyin jinin suke yi. A kwana biyun farko a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar kan matashi ta fi ƙirji tudu. In ba ka iya taku huɗu, ko ƙashin idon sawun kansa yana zafi in an danna, sai an ɗauki hoto kafin kowa ya ja ƙafar, har da mai ɗori. Kumburi na sauka ka fara juya sawun, sannan ka riƙa tsayawa da ƙafar ita kaɗai daƙiƙa 30, sau uku a rana. Rashin yin wannan ne yake sa ƙafa ɗaya ta yi ta gurɗewa duk zango.

Wasu a wurin ɗaga ƙarfe suna shan ƙwaya da allurar ƙara tsoka. Suna aiki? (Ɗalibi, Bauchi)

Allurar tana kumbura tsoka, tana kuma kawo ƙuraje, fitowar nono ga namiji, ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, raunin haihuwa, da lahani ga hanta da zuciya. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo yake yi har ka ƙarasa raunin ba ka sani ba, yana sa farfaɗiya, yana kama mutum, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Mai nauyin kilo 65 da ke ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 80 zuwa 100 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, sauran ka cike da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo da kifi, a rarrabe cikin yini. Ka kuma ba kowace tsoka kwana biyu kafin ka sake matsa mata, da barcin awa bakwai zuwa tara, domin a lokacin hutu take ginuwa.