Saƙon kuɗi ya shigo, na ba da waya, asusu babu ko dala

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba da ke zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi:

"Barka da aiki, Metir. Na saka hoton wayata Samsung a Facebook ina neman jaka 90 don in cika kuɗin makaranta. Wani ya biyo ni ta WhatsApp muka daidaita a jaka 85. Ya ce yana Ɗan Isa wajen aiki, zai turo kuɗin ta waya, sai ya aiko ɗan kabu-kabu ya karɓar masa. Saƙo ya shigo ƙaramar wayar da na maida layina cewa an zuba kuɗin, shi ma ya turo hoton nasa saƙon. Na miƙa waya. Da na je cirewa aka ce babu ko dala a asusuna. Yanzu lambarsa a kashe take. Hotuna kawai na goge, ban cire adireshina na Google ba. Yayyena sun ce in watsa hotonsa, su kuma za su kamo ɗan kabu-kabun. Ina mafita?"

Ƙanwata, sannu da wannan rashi, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Kada ki bari kunya ta hana ki motsi. Manyan ƴan kasuwa da suka shekara ashirin suna ƙirga kuɗi sun faɗa wannan rami.

Abin da aka yi miki ba bashi ba ne, zamba ce, kuma a gaban shari'a tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Da a ce mutumin ya karɓi wayar ya ce zai biya ranar Juma'a, Juma'a ta wuce bai biya ba, to rigimar ciniki ke nan. A dokar farar hula da muke aiki da ita a Nijar, aya ta 1583, ciniki ya ƙullu da zarar an yarda a kan kaya da farashi, ko da kuɗi bai shiga hannu ba. Sai dai ki bi shi kotu ki nemi kuɗinki ko a warware cinikin. Shi kuwa wannan ya ƙirƙiri saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, ya haɗa da hoton bogi, don ki saki kayanki da hannunki. Wannan shiri shi ne ƙashin bayan laifin zamba a dokar hukunta laifuka, laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Tunda kuma ta waya da intanet aka kitsa shi, dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ita ma ta shigo ciki.

Saboda haka, wannan saƙon da ya ɓata miki rai shi ne babbar dukiyarki yanzu. Kada ki goge shi. Ki duba wanda ya aiko shi: kusan kullum za ki ga lambar mutum ce, ba sunan kamfani ba. Ki adana hirarku ta WhatsApp tun daga sallama, har da saƙonnin murya, da tallar da kika saka, da lokacin da ɗan kabu-kabu ya iso. Ki je ofishin kamfanin kuɗin ki nemi takardar shige da ficen asusunki na wannan rana, wadda za ta nuna babu abin da ya shigo. Sannan ki nemo kwalin wayar ko takardar saye, don a jikinsu ake samun lambar IMEI mai alƙaluma 15. Ana iya canza layi sau goma a rana, amma wannan lamba ta jikin wayar ce.

Da waɗannan a hannu sai ki tafi komisariya ko wajen jandarma ki shigar da ƙara. Rashin sanin sunansa na gaskiya ba ya hana komai, doka ta yarda a kai ƙarar wanda ba a sani ba. Ki karanta bayaninki kafin ki sa hannu, ki tabbatar an rubuta maganar saƙon ƙarya ƙarara, domin in aka rubuta "ya sayi waya bai biya ba" kawai, ana iya ce miki ku je ku sasanta. Ki riƙe lambar ƙarar. In kin ga an kwana biyu shiru, kina da damar rubuta wa mai gabatar da ƙara na babbar kotun Maradi kai tsaye. Kamfanin sadarwa ba zai gaya miki mai layin ba ko da kin yi kuka a gabansu, kuma suna da gaskiya. Sai da takardar umarni daga masu bincike. In an kama shi aka gurfanar, ki bayyana wa kotu cewa ke ce wadda aka cuta kuma kina neman diyya. A zama ɗaya alƙali zai iya yanke masa hukunci ya kuma umarce shi ya biya ki, ba sai kin buɗe wata shari'a ba.

Ga dalilin da ya sa nake cewa ki tafi gobe da safe, ba mako mai zuwa ba. Irin waɗannan mutane ba sa riƙe waya, nan da nan suke sayarwa, wani lokaci ta Jibiya ta tsallaka Katsina. Aya ta 2279 ta dokar farar hula ta ce wanda ke riƙe da kaya irin wannan da kyakkyawar niyya, ana ɗaukarsa mai shi. Ta keɓe kayan da aka sace ko suka ɓace, inda mai su ke da shekara 3 ya karɓo abinsa a hannun kowa. To amma fassarar da aka daɗe ana yi wa ayar ita ce zamba ba sata ba ce, tunda ke kika miƙa. Ke nan in wayar ta faɗa hannun wanda ya saya tsakani da Allah a farashin kasuwa, karɓo ta zai yi wuya, sai dai ki bi mazambacin. In kuwa mai sayen ya san asalinta, ko ya karɓi wayar jaka 85 a jaka 25 ba kwali ba takarda ba tambaya, shi ma yana iya fuskantar tuhumar ɓoye kayan laifi. Wannan wuri na dokar yana yi mini ciwo, domin yana barin irinki hannu rabbana, amma gara ki ji shi daga bakina tun yanzu.

Mantuwar da kika yi da adireshin Google tana da fuska biyu. Yau ɗin nan ki canza kalmar sirri, ki saka lambar tsaro ta biyu a WhatsApp ɗinki. Amma kada ki yi saurin share wayar daga nesa. Muddin adireshin na ciki, in an kunna ta da intanet manhajar neman waya ta Google tana iya nuna inda take, kuma wanda ya wanke ta da ƙarfi za ta tambaye shi adireshin naki kafin ta buɗe. In kin ga wurin, ki ɗauki hotonsa ki kai wa mai binciken. Kada ke ko yayyenki ku je da kanku.

Maganar watsa hotonsa kuwa, ina roƙonki ki bari. Hoton da ke kan WhatsApp ɗinsa mai yiwuwa na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, haka ma sunan da ke kan layin. Dokar 2019 ɗin nan da za ta taimake ki ita ce kuma ke hukunta ɓata suna ta intanet, kuma tun watan Yunin 2024 aka maido da ɗauri a kan wannan laifi. Ɗan kabu-kabun ma shaida ne, watakila mafi amfani a cikin shaidunki, don shi ya san inda ya sauke wayar da fuskar wanda ya karɓa. In an dake shi ko aka riƙe masa babur, yayyenki ne za su kwana a komisariya. Ki ba da kamanninsa da tasharsa, a kira shi ta hanyar hukuma.

In an kama mutumin, dangi za su zo da dattawa neman sulhu, haka muke a garin nan. Kina iya karɓar kuɗinki, amma a cike, a gaban mai binciken, a rubuce. Ki sani kuma janye ƙararki ba ya tilasta wa mai gabatar da ƙara ya rufe shari'ar.

Ranar da za ki sake sayar da waya, ki haɗu da mai saye da rana a wurin jama'a, da namiji ɗaya cikin ƴan gidanku. In ta waya zai biya, ku tsaya a rumfar mai cire kuɗi har takardun kuɗin su shiga hannunki. Ki cire layi da katin ajiya, ki fitar da adireshinki, ki maida wayar yadda ta fito daga kamfani. Ku rubuta ƴar takarda kwafi biyu mai ɗauke da kwanan wata, farashi, lambar IMEI da lambar katin ɗan ƙasa na kowannenku, ki kuma faɗi duk aibin da kika sani, batir ne ko gilashi da aka canza, domin aya ta 1641 ta dokar farar hula tana ba mai saye damar dawo miki da kaya a kan aibin da ke ɓoye. In kin shigar da ƙarar, ki aiko mini da lambarta ta hannun edita in ga inda aka kwana.