Na biya kuɗin abin hawa lakadan, amma manhajarsa ta kulle shi: mene ne haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Na sayi abin hawa na lantarki mai taya biyu, irin wanda yake daidaita kansa, ka karkata gaba ya tafi, ka ja baya ya tsaya. Da shi nake zagaya babbar ma'ajiyar kayanmu a Kano. Na biya wani dila kuɗin lakadan, ya ba ni rasit. Bayan wata biyar batirin ya daina riƙe caji, sai na kai wa mai gyaran batirin sola, ya sauya ƙwayoyin ciki. Tun ranar abin ya ƙi tashi, manhajar da ke wayata sai jan rubutu take nunawa. Dila ya ce na'urar ba ta karɓar batirin da ba na kamfani ba, kuma garanti ya tashi tunda an buɗe. Ga shi nan jingine ya yi ƙura. Shin ba nawa ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Naka ne. Ciniki ya faɗa, ka biya, an miƙa maka kaya, don haka ƙarfen da tayoyin da batirin duk sun zama mallakarka, kuma babu dokar da ta hana ka kai kayanka wurin mai gyaran da ka ga dama. Matsalar tana cikin manhajar da ke sarrafa na'urar. Ranar da ka sauke ta a waya, kusan tabbas an nuno maka dogon rubutu ka danna alamar amincewa. A irin wannan yarjejeniya kamfanoni kan rubuta cewa izinin amfani kawai suka ba ka, ba su sayar maka da manhajar ba. To abin hawan da manhaja ce ke riƙe shi a tsaye, idan ta ƙi aiki, me ya rage a hannun mai shi?

Ba kai kaɗai abin ya shafa ba. A watan Yulin 2023 kamfanin VanMoof na ƙasar Holan, mai ƙera kekunan lantarki, ya karye, masu kekunan suka shiga fargaba domin mabuɗin da wayarsu ke buɗe keken da shi daga kwamfutocin kamfanin yake fitowa. Sai da wani abokin hamayyarsa, Cowboy na Beljiyam, ya fitar da manhajar da za su adana mabuɗin. A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta maka kamfanin John Deere, mai ƙera taraktoci, a kotu a Janairun 2025 kan tauye wa manoma damar gyara taraktocinsu. Tarayyar Turai ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta hana amfani da manhaja wajen toshe gyara ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Najeriya ba ta da doka ta musamman irin wannan tukuna, kuma a ganina giɓi ne babba a ƙasar da kusan kowace na'ura a hannun masu gyaran kasuwa take rayuwa.

Abin da kake da shi shi ne dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye. Ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan wa'adin ya wuce ka. Amma dokar ta kuma ce dole kaya ya kasance mai inganci, mai ƙarko na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka, kuma ta hana mai sayarwa yaudara ko ɓoye bayanin da zai iya sauya ra'ayin mai saye. Nan ne ƙarfinka yake. Batirin da ya mutu a wata biyar abin tuhuma ne. Sannan idan dila bai taɓa gaya maka, a baki ko a rubuce, cewa sauya batiri zai kashe na'urar ba, ya ɓoye maka abin da da ka sani wataƙila da ba ka saya ba.

Rauninka kuma shi ne buɗewar da aka yi kafin ka sanar da shi. Zai kafa hujja da cewa mai gyaran ne ya ɓata ta, zai kuma ce batirin lithiyam da aka haɗa ba daidai ba yana iya kamawa da wuta, wanda gaskiya ne. Saboda haka ka koma wurin mai gyaran yau, ka karɓo tsofaffin ƙwayoyin da ya cire idan bai zubar ba, ya rubuta maka halin da ya same su a ciki, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan takarda ce za ta nuna aibin ya riga buɗewar. Ka haɗa ta da rasit, da katin garanti, da hoton jan rubutun, da duk hirarku ta WhatsApp da dila.

Daga nan ka rubuta masa takarda, ba kiran waya ba. Ka bayyana abin da ya faru, ka nemi ɗaya daga cikin biyu: ya kawo batirin kamfani ya buɗe na'urar da kuɗinsa, ko ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi. Ka ba shi mako biyu. Idan ya yi biris, ka kai ƙorafi FCCPC, ko ka tafi kotu. Dilan za ka nema, domin da shi ka yi ciniki. Kamfanin da ke ƙetare bin sa zai ci maka kuɗin da ya fi na na'urar. Idan ku biyun Musulmi ne kuma kotun shari'a ka zaɓa, fiƙihu ya san zaɓin mayar da kaya saboda aibi, sai dai da yake an taɓa kayan a hannunka, alƙali na iya karkata ga biyan ka bambancin ƙima maimakon warware cinikin. Ni da za a yi maka tayin sabon batiri a raba kuɗin, zan ce ka duba shi da kyau kafin ka ƙi.

Wani zai ce maka akwai yaron da zai iya fasa manhajar a buɗe ta. Ka dakata. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana keta kariyar fasaha da aka sa wa aikin da ke da haƙƙin mallaka, manhajar kwamfuta kuwa tana cikinsu. Ko ba wannan ba, za ka lalata hujjarka da hannunka, kuma idan na'urar ta kayar da wani ma'aikaci bayan an taɓa tsarin daidaitonta, kai za a fara tambaya. Ka bar manhajar yadda take, ka cire batirin da aka haɗa ka ajiye nesa da kayan ma'ajiya, har dila ya amsa takardarka.