Daga Dubai zuwa Guangzhou, awa nawa ne a jirgi?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ɗan kasuwa ne ni a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Na saba saro kaya a Dubai, bana kuwa ina son zarcewa Guangzhou ta ƙasar Sin. Yaya nisansu? Ƙafata takan kumbura in na daɗe zaune.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakanin biranen nan kusan kilomita 5,800 ne, wato ya fi tafiyar mota daga Damagaram zuwa Yamai har sau shida. Zuwa yakan ci awa 7 da wani abu. Dawowa ta ɗan fi jimawa, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas: a tafiya tana tura jirgin, a dawowa tana tare shi.

Agogon Guangzhou yana gaban na Dubai da awa 4, gaban namu da awa 7. Sha biyun rana can, nan lokacin asuba ne.

Batun ƙafar ne ya fi damuna. Don Allah ka ga likita kafin ka sayi tikiti. Ka nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa tashi kana ɗan takawa, ka sha ruwa sosai.